Tambaya da Amsa: Na Gama Share Fage, Zan Iya Komawa Wata Jami'ar?

Jama'a, assalamu alaikum. Duk shekara idan lokacin ba da gurbin karatu ya zo, wasiƙun da suke shigo mini sukan koma kala ɗaya, bana ma ba ta canja zani ba. Na ɗebo uku daga ciki. Ta farkon za ta ci mana wuri, don abin da ke cikinta ya shafi gidaje da yawa a garin nan.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki, Allah Ya ƙara basira. Bara JAMB ba ta yi mini kyau ba, sai Babanmu ya kai ni wata jami'ar jiha a maƙwabtanmu na yi remediyal ta shekara ɗaya a ɓangaren kimiyya. Alhamdu lillahi na ci duka darussan, na kuma sake rubuta JAMB bana na samu 214. Sun ce za su ba ni gurbi, amma a Maikurobayoloji, ni kuwa aikin jinya nake so tun ina ƙarama. Ga shi zaman can ya yi wa Baba nauyi, ga haya, ga abinci, ga kuɗin mota duk hutu. Mama ma ba ta da cikakkiyar lafiya, kuma ni ce babba mace. So nake in dawo gida in shiga BUK ko Northwest da wannan sakamakon. Wani mai kafe a unguwarmu ya ce in kawo naira 150,000 yana da wanda zai yi mini tiransifa kai tsaye zuwa aji biyu. Baba ya ce kada in saki reshe in kama ganye, yayana kuma ya ce a biya kawai a huta. Don Allah Malam mene ne gaskiyar lamarin?

'Yarka daga Gwammaja

AMSA: 'Yata, Allah Ya ba Mama lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya kuma buɗa wa Baba. Kafin komai, kada a ba mai kafen nan ko sisin kwabo. Ki karanta wa yayanki wannan amsar, in da hali a gaban Baba.

Karatun shekara ɗayan nan da ake yi tsakanin sakandare da digiri iri biyu ne, kuma ba wuri ɗaya suke kai mutum ba. Akwai wanda kika yi, wato remediyal. Wannan shiri ne na cikin gida. Jami'ar ce ta tsara darussan, malamanta suka koyar, su suka fitar da tambayoyin jarrabawa, su suka duba, kuma alƙawarin da aka yi muku tun ranar rajista shi ne, in kun ci, kun kuma kawo makin JAMB da ake so, za mu ɗauke ku aji ɗaya a nan wurinmu. Babu wata jami'a daban da ta sa hannu a wannan alƙawarin. Kamar katin asibiti ne. Katin da kika yanka a Murtala yana aiki ƙwarai a Murtala, amma in kika kai shi asibitin Malam Aminu Kano ba wanda zai ce na jabu ne, sai dai a nuna miki tagar da ake yankar nasu. BUK ba ta san abin da aka koya muku a can ba, ba ta ga takardun amsarku ba, ba ta da dalilin ƙirga miki wannan shekarar. Kuma ko a inda kika yi ta, remediyal aji ɗaya take kai mutum. To ta wace hanya wani zai ɗauke ta ya tsallaka da ita aji biyu a jami'ar da ba ta ma san da ita ba?

Iri na biyun shi ne wanda ake fita da takardar shaida da jami'o'i da yawa suka yarda da ita. A nan Arewa IJMB muka fi sani. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ce take kula da jarrabawar tun 1976, kuma duk inda mutum ya zauna ya yi karatun, ko a kwalejin share fage da aka fi sani da CAS, ta titin filin jirgi a nan Kano, ko a makarantar share fage ta ABU da ke Funtuwa, jarrabawa ɗaya zai rubuta da sauran 'yan uwansa. Darussa uku ake ɗauka, A tana da maki 5, B maki 4, a haka har zuwa E mai maki 1, da ƙarin maki guda na ihsani, ƙolin abin dai 16. Takwararta ita ce JUPEB da Jami'ar Legas take jagoranta, wadda ta fi ƙarfi a Kudu. Mai ɗaya daga cikin waɗannan shi ne yake sayen fom ɗin DE na JAMB, wato na shiga kai tsaye ba tare da zama jarrabawar JAMB ba, ya zaɓi jami'ar da ransa yake so, in aka ɗauke shi ya fara daga aji biyu. Su da masu NCE da masu difloma ta ƙasa ne suke bin wannan ƙofar. Ki ɗauko takardar shiga da aka ba ki bara ki duba da idonki, don na sha ganin ɗalibin da ya shekara yana karatu bai san sunan shirin da yake ciki ba. In ba ki ga IJMB ko JUPEB a jikinta ba, to ba kya cikin masu DE.

Abin da mai kafenku yake sayarwa ɗayan biyu ne: ko sakamakon IJMB na jabu da za a cike miki DE da shi, ko takardar admishan da aka buga a cikin shagonsa. Lokacin da nake zama a teburin tantance sababbin ɗalibai a wata babbar makaranta, wani dattijo ya taɓa zuwa da ɗansa, da koren fayil a cikin leda. Takardar tasu kyakkyawa, ga tambari, ga jan hatimi, har laminetin an yi mata saboda kada ta yi datti. Muka buga lambar yaron a kwamfuta, babu shi babu dalilinsa. Dattijon ya cire hula ya share goshi da hannun riga, ya ce, "Malam, a dai sake dubawa." Aka sake. Ya ciro waya ya kira wanda ya karɓi kuɗin a gabanmu, muna ji ana cewa layin a kashe yake. Shi wannan ma ya yi sa'a, don a bakin ƙofa aka gano. A 2023 JAMB ta faɗa wa duniya cewa BUK ta binciki takardu 148 na masu neman shiga ta DE, 6 kacal aka samu na gaskiya. Tun daga nan aka tsananta, sai makarantar da ta ba da takardar ta tabbatar da ita, kuma duk ranar da asiri ya tonu, ko mutum yana ajin ƙarshe ne, kora ce. Ban da haka, tun 2017 duk wani gurbin digiri ta cikin manhajar CAPS ta JAMB yake bi. Wanda bai bi ta nan ba, sunansa ba zai shiga kundin ɗaliban da JAMB ta sani ba, ranar da abokansa za su tafi bautar ƙasa shi yana gida yana zaryar ofisoshi.

To me kike da shi a hannu da BUK ko Northwest za su iya dubawa? Makinki 214, da kiredit ɗinki na WAEC ko NECO, biyar aƙalla har da Turanci da Lissafi, ga Bayoloji da Kemistiri da Fiziks tunda lafiya kike so. Da waɗannan za ki yi takara, daidai da yarinyar da ta gama sakandare bana.

Hanya mafi kusa ita ce canjin makaranta a shafinki na JAMB. Ana yin sa a ofishin JAMB ko a cibiyar jarrabawar kwamfuta da hukumar ta amince da ita, kuɗinsa kaɗan ne, ki je da ƙafarki. Amma akwai sharaɗi biyu. Na farko, sai in jami'ar da za ki koma ba ta rufe rajistar tantancewarta ta bana ba, don in ta rufe, kin mayar da ita zaɓin farko a banza, kin kuma fita daga jerin waccan da ta yi miki alƙawari. Na biyu, sai in ba ki danna karɓa a CAPS ba. Idan gurbi ya fito, maɓalli biyu ne suke bayyana a shafin, na karɓa da na ƙi, kuma da zarar an danna karɓa magana ta ƙare a wannan shekarar. Shi ya sa nake hana yara barin lambar sirrinsu a hannun masu kafe, an sha danna wa mutum abin da bai sa a danna ba. Layin wayar da kika yi rajista da shi ma ki riƙe shi da kyau, kada ki ba ƙani aro.

Yanzu bari in faɗa miki abin da ba za ki so ji ba. A ganina 214 ba za ta kai ki aikin jinya a BUK ba. Jami'o'in tarayya suna raba gurbi kashi uku: kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi kowa maki daga ko'ina a ƙasar, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka ce an bar su a baya a ilimin boko. Kano tana cikin yankin BUK, tana kuma cikin jerin na ukun, sai dai ki tuna yawan 'yan Kanon da suke rububin waɗannan kujerun. Kuma adadin ɗaliban jinya ba jami'a ce take yanke shi yadda ta ga dama ba, hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ce take ƙayyade wa kowace makaranta iya waɗanda za ta ɗauka. Don haka ko kin canja, abin da ya fi yiwuwa shi ne a tura ki wani kwas na kimiyya, watakila ma irin wanda kike gudu, ko kuma a ƙi ɗaukarki baki ɗaya. Ita Northwest, ki duba kundin kwasa-kwasai na JAMB ki ga abin da take bayarwa bana da makin da ta yanke, kada ki dogara da ji-ta-ji-ta.

Akwai tiransifa ta gaskiya, ba na ce babu ba. Amma ta wanda ya riga ya zama cikakken ɗalibi ce, ya gama aji ɗaya aƙalla, yana da sakamakon zango biyu a rubuce. Zai sayi fom a jami'ar da yake son komawa, ya biya a tura cikakken sakamakonsa daga ofishin rijistara zuwa ofishin rijistara, ba a hannunsa ba. Sashen da zai karɓe shi ya duba ko darussan da ya yi sun yi daidai da nasu, ko makinsa ya kai, ko kuma akwai wuri. Daga nan magana ta hau sama har majalisar jami'a ta amince, sannan a gyara bayanansa a wajen JAMB, wanda mutane da yawa suke mantawa da shi sai ya tashi cizonsu a ƙarshe. Kowace jami'a da makin da take nema, kuma yawanci kwas ɗinka ko ɗan uwansa na kusa za a ba ka. Daga Maikurobayoloji ta can zuwa Maikurobayoloji ta nan, in makinki ya yi kyau, ana iya dacewa. Daga Maikurobayoloji zuwa aikin jinya kuwa, kada ki gina rayuwarki a kan wannan. Sannan ga matsalar kalanda. Tun daga zaman gida na korona a 2020 da yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya kwashe wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, jami'o'inmu ba su ƙara tafiya kafaɗa ɗaya ba. Sai ka gama aji ɗaya a can ka tarar nan sun yi nisa a zangon farko, ka zauna jira, ko a ce ka maimaita aji. Duk wanda zai bi wannan hanyar, kada ya daina zuwa aji a tsohuwar makarantarsa sai takardar sabuwar ta shigo hannunsa, mai sa hannun rijistara.

Kina iya dawowa gida ki yi IJMB a CAS, kina kwana a ɗakin Mama, in kin fito da maki mai kyau ki nemi aji biyu. Ta haka shekarar ba ta tafi a banza ba, tunda tare za ku shiga aji biyu da waɗanda za su fara aji ɗaya bana. Sai dai kujerun DE a kwasa-kwasan lafiya 'yan ƙalilan ne, kuma IJMB ba wasa ba ce, karatu mai yawa ake durawa cikin watanni kaɗan.

Amma da 'yar cikina ce ke, ga abin da zan tambaye ki: jinyar kike so, ko sunan jami'ar? In jinyar ce, me ya hana ki duba kwalejojin aikin jinya? Akwai na gwamnatin jiha a nan cikin gari da Madobi, ga ta ungozoma a Dambatta, ga kuma ta asibitin Malam Aminu Kano. Su ma ana rububinsu, amma remediyal ɗin da kika yi ta gyara miki Bayoloji da Kemistiri, wannan ba a jikin takarda yake ba, a kanki yake, kuma zai yi miki rana a jarrabawar shiga. In kin gama kin samu lasisi, kina da sana'a a hannu, kuma da wannan shaidar ana komawa jami'a ta DE a yi digirin jinya. Da yawa daga cikin manyan nas-nas da kike gani ta nan suka bi. Ki je makarantun da kanki ki tambayi yadda suke ɗaukar ɗalibai bana, da ko sai kin mayar da su zaɓi a JAMB.

Baba yana da gaskiya, gurbin da ke hannu ba a wasa da shi. Ki tambayi jami'ar can ranar ƙarshe ta karɓa da ta rajista, ki rubuta a takarda, ki yi duk bincikenki kafin ranar ta zo. In kuma gida aka dawo, a zauna a yi magana a kan aikin gida tun yanzu. Na ga 'yan mata masu ƙoƙari da suka dawo kusa da iyaye don sauƙi, sai girki da wanke-wanke da rainon ƙanne suka cinye karatun, ga shi daga Gwammaja zuwa sabon mazaunin BUK na titin Gwarzo ma kuɗin adaidaita ne kullum, zuwa da dawowa. Yayan nan naki da yake da 150,000 ta bayarwa, ya ajiye ta don wannan hidimar.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kwari. Na tura yarona Ingila yana yin share fage na shekara ɗaya a wata jami'a, da niyyar ya wuce digirin injiniya a can inda yake. Ya kusa gamawa, kuma yana ƙoƙari. To kasuwa ta ja baya, kuɗin makarantar kuma ya fi ƙarfina yanzu. Yaron ya ce akwai wasu jami'o'in a can masu sauƙin kuɗi. Shin za su karɓi wannan shekarar da ya yi? In kuma abin ya gagara na dawo da shi gida, a aji nawa zai shiga? Ejan ɗin da ya yi mana hanya ya ce ba a canjawa.

Wani uba daga Hotoro

AMSA: Alhaji, Allah Ya ƙara buɗi, Ya sa a gama lafiya. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024, irin wasiƙarka ba ta yanke mini ba. Ba kai kaɗai ba ne.

Ejan ɗinka bai gaya maka daidai ba, kuma ka sani yawancinsu jami'ar da suka kai yaro ce take biyansu la'ada. Ana canjawa. Amma a can ma sai an duba irin share fagen. Akwai wanda ƙungiyar jami'o'i ta tsara tare, irin na NCUK, wanda duk jami'o'in da ke cikin ƙungiyar sun san shi. Akwai kuma wanda jami'a ɗaya ta ɗinka wa digirinta, wanda ba dole ba ne wata ta karɓa. Bambancinsu da mu shi ne, jami'o'in Ingila da yawa sukan yarda su duba share fagen wata, in darussan sun yi daidai kuma makin ya kai. Ga injiniya, Lissafi da Fiziks za su fi zura wa ido. Saboda haka yaron ya zauna yau ya rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na kowace jami'ar da yake so, ya haɗa da jerin darussan da ya yi da sakamakon zangon farko, ya tambaye su a fili ko za su ɗauke shi aji ɗaya da wannan, da makin da suke so ya fita da shi. Amsar ta zo a rubuce. Maganar waya ba hujja ba ce.

Neman gurbin yawanci ta UCAS ake yi, wato cibiyar da take karɓar takardun masu neman shiga jami'o'in Birtaniya, ana zaɓar har guda biyar. Babban wa'adinsu a watan Janairu yake, amma daga Yuli ana buɗe zagayen cike guraben da suka rage, har zuwa Oktoba, kuma ɗalibai 'yan ƙasar waje suna samun wuri a nan.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne biza. Bizar ɗalibi a Ingila a ɗaure take da makarantar da ta ɗauki nauyinsa. In ya canja makaranta, sabuwar za ta ba shi takardar tabbatar da gurbi, ya nemi sabuwar biza da ita, ya sake biyan kuɗin biza da na kula da lafiya. Ana iya neman ya nuna kuɗin makaranta na shekarar farko da na zaman wata tara, sun kwana 28 a jere a asusu ba su yi ƙasa ba. Kai da kuɗinka yake juyawa a kasuwa, wannan sai da shiri. Ka kuma duba takardar da kuka sa wa hannu da jami'ar farko: wasu suna yi wa wanda ya zarce a wurinsu ragi, wasu kuma ba sa sakin sakamako matuƙar akwai ragowar bashi. Ka haɗa duka ka yi lissafi irin na Kwari, har da hayar ɗaki, don Landan da garuruwan arewacin Ingila ba ɗaya ba ne a tsada. In ya hango wata jami'a a Sikotilan, ya tuna digirinsu shekara huɗu ne, na Ingila uku.

Batun dawowa gida kuwa, ranka ya daɗe, ka shirya wa aji ɗaya. DE tana da jerin takardun da JAMB ta sani, kuma share fagen wata jami'ar waje ba ya shiga ciki haka kawai. Takardun waje Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce take tantance su a Abuja, daga nan kuma jami'ar da zai shiga ta yi nata hukuncin. Masu zaman kansu na nan Kano, irin su Skyline da Maryam Abacha, kana iya zuwa da takardunsa ka ji ta bakinsu, amma duk abin da suka ce, ka tabbata gurbin ya bi ta JAMB. In ka ga alamar dawowar ce, ya kasance yana gida lokacin sayar da fom a farkon shekara, da lambarsa ta NIN a hannu, don ba a rajista sai da ita.

TAMBAYA: Malam ina wuni. A CAS na yi IJMB, na samu maki 9. Abokaina sun ce tunda a Kano na yi, dole sai jami'ar Kano zan shiga, ni kuma Zariya nake so ko Dutse. Kuma lauya nake son zama.

Ɗalibinka daga Kurna

AMSA: Yarona, abokanka ba su sani ba. Takardar IJMB taka ce, ba ta Kano ba, kuma Zariyar da kake so ma ita ce uwar jarrabawar. Ka duba kundin JAMB ka tabbatar jami'ar da za ka zaɓa tana karɓar IJMB a kwas ɗin da kake so, kuma darussanka uku su ne waɗanda take nema, don nan ne ake yawan faɗuwa tun kafin a kai ga maganar maki. Ka ɗora sakamakonka a shafinka na JAMB, na IJMB da na sakandare duka, in ba haka ba jami'ar ba za ta gan ka ba.

Maganar lauya da maki 9, da wuya. Ita ma shari'a ƙayyade wa kowace jami'a adadi ake yi, saboda makarantar horar da lauyoyi da za a tafi daga baya, kuma masu 13 da 14 suna kan layi. Ka kuma duba ko kana da kiredit a Adabin Turanci, jami'o'i da yawa suna nemansa. Da 9 kana iya samun Kimiyyar Siyasa, ko Tarihi, ko wani kwas a tsangayar ilimi, gwargwadon darussan da ka yi. In kuwa lauyan ne ko ba komai, sai ka ajiye DE ka sake zama JAMB da kyau, ka shiga ta aji ɗaya. Ba a rajistar biyun a shekara ɗaya, sai ka zaɓa kafin ka je sayen fom.